Gwaggo da mangazar gyaɗa

Na yi ranaku da yawa a aikin majigi, amma guda ce har yau ba ta fita raina ba. Ku matasan sarbis, wato ma'aikatarmu, ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

A shekarun farin nan ne, lokacin da mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa Damagaram. Ni ne mai haska sinima a sarbis ɗin wayar da kan manoma. Aikina in ɗora inji a mota, in je Gaffati ko Gidimuni, in rataya farin ƙyalle, in nuna yadda ake shuka da ban ruwa. Da fari ya yi tsanani, wa za ka koya wa shuka? Sai shef ɗinmu, wato shugaban sarbis, ya ce mu haska wa waɗanda aka saukar a wata mangazar gyaɗa, wato babban ɗakin ajiya, da ke bayan Zango, ko sa ɗan huta da tunani.

Mangazar nan babu ko buhu guda a cikinta, sai mutane. Doguwa ce ƙwarai, na auna da ƙafata, taku sittin daga ƙofa zuwa bangon ƙurya. Ba taga, ko da rana duhu ne. Masu ƙarfi suna kusa da ƙofa, marasa lafiya kuwa can ƙurya aka shimfiɗe su.

Ina cikin awo wata tsohuwa ta kama bakin wandona. Inna Hassana ake ce mata, daga wani ƙauye kusa da Gidimuni. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya tashi.

"Ɗan nan, kai ne mai inji?"

"Ni ne, Inna."

"Shekarun baya kun zo bakin tafki, kun ɗauke shi a fim yana ban ruwa. Yana nan wurinku?"

"Wa ke nan, Inna?"

Ta sunkuyar da kai. Sai maƙwabciyarta ta ce, "Haba malam, so kake ta kama sunan maigidanta? Malam Ibro ne. A hanyar zuwa nan Allah ya yi masa rasuwa."

Kunya ta kama ni. Na san fim ɗin sarai, na noman rani ne, na haska shi har na gaji. Amma manoma sun fi ashirin a ciki. Na ce, "Yaya kamanninsa?" Ta ce, "Yana da wushirya. Kuma ba ya jin magana."

To, a sarbis muna da inji biyu. Akwai sabo fil da aka kawo daga Yamai, akwai kuma tsoho da muke kira Gwaggo, saboda tari da mita. Bari in yi muku bayani. Kowane inji yana da ido, gilashin da hoto ke fita ta cikinsa. Idon sabon gajere ne: a taku goma ya cika ƙyalle, amma in ka ja shi baya sai hoto ya bazu har rufi, ya koɗe. Idon Gwaggo dogo ne, tana harba hoto nesa a dunƙule. Gurup kuma, injin da ke ba mu wuta, dole ya tsaya waje don hayaƙi, wayarsa iyakarta bakin ƙofa. Ke nan duk injin da na zaɓa, a bakin ƙofa zai zauna.

Shef ya ce, "Mamman, sabon za ka ɗauka. A rataya ƙyalle kusa da ƙofa, mai so ya matso."

Na ce, "Shef, na ƙurya fa?"

"Gwaggo tana cin fim, ka fi kowa sani. Kwafi guda gare mu. In ta yage shi, kai za ka rubuta wa Yamai?"

Gaskiyarsa, ni ma abin yana cina. Amma ni mutum ne mai taurin kai, kun sani. Na ce, "Shef, mu je ka gani da idonka, in ka ce sabon, sabon." Muka taka har ƙurya. Ya tsaya yana duban ƙafafun Inna Hassana. Da muka fito ya ce, "In ta yage, mu biyu za mu sa hannu."

Washegari da hantsi na kwance Gwaggo, na goge haƙoranta masu jan fim ɗaya bayan ɗaya, na sa mata mai, har lallashinta na yi. Bayan la'asar muka rataya ƙyalle a bangon ƙurya, muka ja ƙofa. Na ce bisimilla, na kunna. Ta yi tarinta, sannan haske ya ratsa saman kawunan mutane, ya sauka daram a kan ƙyallen.

Ruwa ne ya fara fitowa, tafki cike, ga rake, ga albasa kore shar. Wallahi kowa a mangazar nan ya zuba ido. Mutanen da suka shekara biyu ba su ga kore ba! Na ji wani dattijo yana ta salati.

Na bar yatsana a jikin fim ina tallafa masa, don haka ban iya barin ƙofa ba. Shef ne ya tafi ƙurya, shi ya ba ni labarin abin da ya faru. Wani manomi ya fito a ƙyallen da ƙwarya a hannu, ya watsa ruwa, ya dubi mai ɗauka ya yi dariya, ga wushirya. Inna Hassana ta ja mayafi ta rufe fuska kamar amarya. Kafin ta buɗe, ya wuce.

Sai ga shef da sauri. "Tsayar mata da shi!"

Na ce, "Ba ya tsayuwa, shef. Zafin fitila zai ƙone wurin, ya tafi ke nan har abada."

"To mayar baya."

Na mayar. Sau huɗu ina mayarwa, Gwaggo ba ta ci ko ɗan yatsa na fim ba. Ba wanda ya yi ƙorafi. A na huɗun, in ji shef, ta sauke mayafin, ta dubi mijinta sosai, ta ce, "Ka gan shi ko. Sai da na ce ya canza rigar nan." Tana dariya, hawaye na zuba. Shef da muke tsoro a biro, wato ofis, an ce shi ma sai da ya juya baya.

Da na je naɗe ƙyalle ta riƙe hannuna. Ta ce, "A hanya ban samu na dube shi da kyau ba, ɗan nan. Yau na dube shi. Allah ya yi maka albarka."

Na yi shekaru bayan nan ina koya wa sababbin ma'aikata lissafin nisa da faɗin ƙyalle, kuma lissafin yana da amfani. Amma ku riƙe wannan daga bakina. In aka kai ku ɗaki, kada ku fara da tambayar wane inji ya fi sabo. Ku taka har ƙurya tukuna, ku ga wanda ba ya iya tasowa, daga wurinsa za ku fara awo.