Ranar da Na Nuna Hajara da Yatsa

Ranar Litinin ta farko bayan Babbar Sallah, shekarar da na cika biyar, aka rataya mini ƙashin haƙarƙarin saniya a wuya. Laifina kawai na ce wa malama ina jin ƙishirwa. Makarantar ƙananan yara ce da aka buɗe a wasu shaguna biyu a Kankiya, kuma babbar dokarta ba a yin Hausa. Wanda ya yi sai ya ɗauki ƙashin, ba zai sauke ba sai ya kama wani. Wanda aka tashi yana wuyansa, bulala biyar.

Malamar, wadda muke kira Anti Rabi, ita kanta Turancinta bai wuce abin da ke kan allo ba. Tun safe muke rera “E fo aful, bi fo bol” har maƙogwaro ya bushe, alhali babu wanda ya taɓa ganin aful a cikinmu. Mun san ɗinya da kanya da magaryar da muke tsinta a hanyar gona, amma ba a taɓa tambayarmu su ba. Ba a kuma koya mana yadda ake neman ruwa ko izinin fita ba.

Kusa da ni Hajara ke zama, ɗiyar maƙwabtanmu da suka taso daga Kafinsoli. A gida bakinta ba ya hutawa. Ita ke ba da waƙa in muna gaɗa, ita ke yi wa awaki faɗa da muryar kakarta in an aike mu ba su dusa. Ranar nan na ga tana ta matse ƙafafu, ta ɗaga hannu ta sauke, don ba ta san abin da za ta ce ba. Na sunkuya na raɗa mata, “Mi ya same ki?” Ta ce, “Hitsari nike ji.” Nan take na miƙe na nuna ta da yatsa. Na san abin da nake yi.

Anti Rabi ta cire mini ƙashin ta rataya mata, ta tsayar da ita gaban allo. “Faɗi da Turanci, sai ki fita.” Hajara ta buɗe baki ta ce “aful”, don shi kaɗai ya zo mata. Aji ya kwashe da dariya, fitsarin ya bi ƙafarta har cikin takalmi. Aka sa muka zagaye ta muna tafi, da aka tashi kuma ta sha bulalarta. Daga ranar ba ta ƙara magana a aji ba. Kafin kaka aka ce wa uwarta ba ta da ƙwaƙwalwa, aka cire ta.

Yanzu ni ma ƙananan yara nake koyarwa a Kusada. Da Hausa muke farawa, su yi ta surutu har kaina ya yi ciwo, ba na hana su. Hajara kuwa ƙuli-ƙuli take sayarwa a kasuwar Kankiya. In na tsaya wurinta takan ce, “Malama, ina wuni,” ta ƙulla mini a leda, ta juya wurin wani mai saye. Har yau na kasa neman gafararta, da Hausar ko da Turancin.