Minti Goman Don Hermógenes

Ranar Laraba, 12 ga Maris, matarka Doña Eufemia ta kira ni ta ce zuciyarka ta tsaya a kan hanyar asibiti. Don Hermógenes Pacheco, maigidana a wurin aiki, shekara goma sha ɗaya muna kula da na'urorin sadarwar asibitin nan na Montería tare, yau ga ni ina rubuta maka ta'aziyya.

Kai ka zana mini itacen hanyoyi a bayan kwalin magani: wannan suwic, akwatin da wayoyi ke haɗuwa a cikinsa, shi ne saiwa, wannan hanya a buɗe, waccan a toshe tana jiran ranar da 'yar'uwarta za ta faɗi. Ka raba waya ɗaya gida-gida, kowane sashe da VLAN ɗinsa, wato keɓantacciyar hanyarsa, don kada zancen ɗakin magani ya shiga na ɗakin hoto. Kuma kafin ka taɓa komai sai ka umarci na'ura ta kashe kanta ta tashi bayan minti goma, ta koma yadda take. Sai in aiki ya yi kyau kake soke wannan agogon. Mun yi ta yi maka dariya, muna ce maka tsohon matsoraci.

Sai ranar Ayapel. Ƙarfe goma na safe, ina ƙara VLAN ɗin ɗakin haihuwa a suwic ɗin ƙaramin asibitinmu na wancan garin, tafiyar awa uku, waya ɗaya tak ta haɗa mu. Na manta kalma guda, add, wadda ke cewa a ƙara a kan na da. Ina danna maɓalli na share sauran duka, har da hanyar da nake shiga. Allo ya daskare.

Ba a yi minti biyu ba ma'aikaciyar jinya ta kira daga can ta wayar hannu tana ihu. Wani masunci ya faɗi da babur, hoton kansa yana kan hanyar zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya tsaya. Sai an gani za a san ko za a fasa kai.

Na miƙe ina laluben makullin mota. Ka ajiye kofin tinto, baƙar gahawar nan taka, ka ce, “Yuleidis, zauna. Ina za ki, a ƙafa za ki ɗauko hoton?”

“Maigida, na kashe mutum!”

“Saura minti bakwai. Na saka agogon tun kina cin wainar masararki ta arepa. 'Yata, dubi allo.”

Ban taɓa ganin minti bakwai masu tsawon waɗannan ba. Kai ma na ga gumi yana bin wuyan rigarka. Can sai koriyar fitila ta kama, hoto ya wuce, aka shiga da masuncin tiyata. Yana nan da rai, har kifi ya aiko mana. Da daraktar asibiti ta tambayi wanda ya yi ɓarnar, ka ce aikin sashenka ne, ba ka ƙara ko kalma ba.

Jiya na yi aikina na farko babu kai. Na saka minti goman, na gama, amma na kasa soke agogon. Na zauna ina kallo har na'urar ta mutu ta tashi, komai ya dawo yadda yake. Na juya wajen kujerarka, ba kowa. Nan na yi kukan da ban yi ba a coci.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini. Doña Eufemia, da 'ya'yanku Wilfrido da Nelcy, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.