Ranar da Kaka Ta Ƙi Gama Tuwo

Jiya maƙwabciyata a Tudun Wada ta hura wuta da ɗanyen itace, hayaƙin ya tsallako katanga ya same ni ina shanya. Ta leƙo tana ba ni haƙuri, ganin idanuna sun kawo ruwa. Na ce mata ba komai. Ban gaya mata ba cewa rabin hawayen ba na hayaƙinta ba ne. Kai zan gaya wa, mai karatu, don na daɗe ina neman wanda zai zauna ya ji.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gusau da Tsafe, a bakin wani rafi da ke janyewa da rani har ya koma siririn ruwa. A tsallakensa garin su innata yake, inda yayanta, kawuna, yake noman albasa. Shi da babana tare suka yi karatun allo, shi ne ma ya haɗa auren. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta gidanmu da ƙuli-ƙuli a aljihu, ya ce in zo in biya haraji, wato in gaishe shi sau uku.

Lokacin ina da shekara goma, an ba mu jiharmu da shekara biyu da 'yan watanni, satar shanu ta addabi mutane. Sai garinmu ya ƙulla amana da wasu ƙauyuka biyu na wajen 'Yankuzo. Aka dafa Alƙur'ani aka yi rantsuwa: duk wanda ya ji an busa ƙaho, ya ɗauki sandarsa ya zo, ba tambaya. Don ɓarayi aka yi, ba don kowa ba. Amma mutanen tsallake da suka ji gari uku sun haɗa kai, sai hankalinsu ya tashi, suka ce an haɗu ne a kan wa? Su ma suka nemi nasu abokan ta wajen Ruwan Bore, suka yi irin rantsuwar. Da namu suka ji haka, aka ƙara sayen gora. Babu wanda ya zagi wani, amma gaisuwa a bakin rafi ta gajarce.

A watannin nan rediyon babana kullum labarin yaƙin Kwango yake kawowa, wai ƙasashe maƙwabta sun tura sojoji, kowace ta je taya abokinta. Kakata, mahaifiyar babana, tana kaɗi a gefe, ta ce, "To su waɗanga da sunka tahi taya yaƙi, an hwaɗa musu mi anka yi?" Babana ya yi dariya ya ce harkar manyan ƙasashe ce, ba ta tsofaffi ba. Ta ci gaba da murza mazarinta.

Da bazara ta yi zafi, baffana, ƙanen babana, ya tare ruwan rafin da buhunan yashi don ya shayar da albasarsa. Wani mutumin tsallake ya zo ya yaye buhunan, aka yi cacar baki, aka mari baffana. Baffa mutum ne mai saurin fushi da saurin nadama, amma a ranar fushin ya riga nadamar isa gida. Da hantsi ya hau kan rumbu ya busa ƙaho.

Ban manta ƙarar ba. Kafin rana ta take, ƙofar gidanmu ta cika da maza, wasu da gora, wasu da barandami, wasu ƙafafunsu da laka daga lambu. Daga tsallake muka ji nasu ƙahon ya amsa. Har aka fara cewa wai mota cike da mutane na tafe musu daga Bungudu, abin da daga baya ya zama ƙarya. Babana ya ci ɗamara, don shi ne babba kuma ya dafa Littafi. Innata ta shiga ɗaki ta zauna a ƙasa. Ta san kawu ma ya yi rantsuwa, kuma shi ba ya tsayawa a baya. Ni kaina na gane cewa kafin la'asar babana da kawuna za su tsaya gaba da gaba, kuma na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Sai kaka ta ja mayafi ta fita zaure. A wajenmu, duk wanda ya amsa gayyar gida, ko noma ko yaɓen ɗaki, ba ya sa hannu sai ya ci abincin gidan. Barin baƙon gayya ya tafi da yunwa abin kunya ne da ake gorantawa har jikoki. Ta ce, "Sannunku da zuwa. Gayyarmu kunka amsa, ba mai ɗaga ƙahwa sai ya ci tuwo." Wani ya ce, "Inna, wagga ba gayyar noma ba ce." Ta ce, "Gidana ne ko gidanka?" Suka zauna a gindin durumi.

Nan na ga ikon Allah. Matar da ke gama tuwon mutum talatin kafin a gama alwala, ranar ta manta yadda ake hura wuta. Ta bar busasshen kara a jingine ta jawo ɗanyen itace, gida ya turnuƙe. Ta sa ni surfe, da na yi sauri sai ta harare ni: "Ƙawata, ana korarki ne?" Ta ce garin bai yi laushi ba, a sake tankaɗe. Ta zubar da ruwan farko wai kaza ta sa baki.

Ana cikin haka ta dama fura a babbar ƙwarya, ta tsaya a ƙofar ɗakin innata. Ba ta taɓa aikenta waje ba. Ta ce, "Tashi ki kai ma yayanki. Ki ce ni na aiko." Ni da innata muka bi ta ƙofar baya, ni ɗauke da ƙwarya, yashin rafi yana ƙona mana tafin ƙafa.

Mun iske kawu a gaban mutanensa, gora a hannu. Innata ta durƙusa. Ni na ajiye ƙwaryar, kuma don ban san abin yi ba, na gaishe shi sau uku. Ya daɗe yana kallon furar. Ya san in ya sha, ba shi da hannun ɗagawa a kan gidan da ya ciyar da shi. Wani a bayansa ya ce, "Malam, rantsuwa fa?" Kawu ya ce, "Don ɓarayi munka yi ta. Wagga ɓarauniya ce?" Ya jingine gorar, ya tsuguna ya kafa kai.

Tare da shi muka dawo, shi ya riƙo ƙwaryar. Muka tarar mutanen gindin durumi sun gaji da jira sun shiga tambayar juna. Wani ya ɗauka shanu aka kora, wani ya ji an ce an yi kisa. Da suka gane kan buhun yashi huɗu suka baro lambunansu, wani dattijo ya dubi baffa ya ce, "Kai, Allah ya shirye ka." Babana ya ga kawu tafe, ya sunkuyar da kai, sannan ya matsa masa a tabarma. Tuwon ya fito bayan la'asar, yana warin hayaƙi, kuma ba a bar ko loma ba. A wannan zaman aka gyara amanar: ba a ƙara busa ƙaho sai dattawan garuruwan sun ji dalili. Ruwan rafi kuma aka raba shi kwana-kwana.

Yanzu ba a hawa rumbu. Saƙo ɗaya a waya ya isa ya tara gari goma kafin tukunya ta tafasa, kuma ƙasarmu ta ga abubuwan da kaka ba ta rayu ta gani ba. Duk da haka ban yanke ƙauna ba. A unguwarmu har yau akwai tsofaffin da ke tsayar da matasa su ce a zauna tukuna a ji me aka yi, kuma sau da yawa ana zaman.

Bara babana ya rasu. Kawu ya tsufa, gwiwoyinsa ba sa ɗaukarsa, amma ya sa aka kawo shi a kan babur. 'Yan'uwana maza suka ba ni labari cewa a maƙabarta sun yi-sun yi ya bari matasa su shiga, ya ƙi. Ya ce abokinsa ne. Shi ya sauka cikin kabarin, ya miƙo hannu biyu ya karɓe shi.