Kwalbar Karkashin da Ta Kumbura

Har yau ban manta da ranar da Tanti Rabi ta dawo mana da kwalbar karkashi daga Konni ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun tarar muna auna komai a sikeli, to daga ranar abin ya samo asali.

A lokacin, a zauren gidan Hajiya Balki muke aiki. Hajiya ce mai wurin, ita ke sayen kaya tana sa farashi. Ni ce mai haɗi. Sai Inna Jumma, Bafulatana daga wajen Garu, wadda ke kawo man shanu ta soya mana. Man kitso kaɗai muke yi: man kaɗanya, soyayyen man shanu da ɗan man darbejiya. Yakan yi wata da watanni a kan kanta bai canja ba.

Sai Hajiya ta lura mata na ƙorafin wahalar jiƙa karkashi da tace shi in za su wanke kai. Ta ce mu jiƙa, mu tace, mu ɗura a kwalaben roba. Yauƙinsa na warware gashi, kuma nan da nan ya karɓu. Tanti Rabi, mai kitso ce a Konni, ta ɗauki kwali guda.

Wata Lahadi cikin bazara, kasuwa na ci, sai ga ta a bayan babur. Ko gaisuwa ba ta ƙare ba ta ajiye kwalbar a gaban Hajiya. Kwalbar ta kumbura kamar za ta fashe. Da na murɗa murfin sai ta yi huci, wari ya cika zauren, irin na furar da ta kwana a rana.

Tanti ta ce, "Hajiya, mi kunka sa ciki? Ɗiyar maƙwabciyata ta zamna gabana, kanta duk ƙuraje, na ɗauko in zuba mata. Allah ne ya sa na shinshina."

Ba asarar kwalin ta dami Hajiya ba, sai tunanin wannan ruɓaɓɓen ruwa a kan gyambon yarinya. Ta ba Tanti haƙuri, ta ce a dakatar da karkashin har sai an gano bakin zaren.

Muka shiga gwaji. Wata ta ce mu sa kanumfari, muka sa. Ƙamshi ya yi daɗi, amma ya lalace. Muka matse lemun tsami, ya ɗan ƙara kwana, sannan fumfuna ta fito a samansa. Na fasa ƙwayoyin bitamin E na zuba, don na ji ana cewa yana tsare kaya. Shi ma bai hana ba. Firji kuwa ba zancensa, tunda ba mu da tabbacin wuta, balle masu saye.

Hajiya na da ɗiyar ƙane, Asma'u, mai aikin haɗa magunguna a Sakkwato. Aka kira ta, aka sa wayar kowa na ji. Na faɗa mata duk abin da muka gwada, ta yi dariya.

Ta ce, "Bitamin E mai yake tsarewa kada ya yi ɗoyi, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Man kitsonku na daɗewa don babu ruwa a cikinsa. Duk abin da ruwa ya shiga, in dai za a ajiye shi, dole a sa masa maganin hana ruɓa."

Ta ambaci sodiyam benzowet da wani ɗan'uwansa da ake haɗa su tare, irin waɗanda ake sa wa lemun kwalba. Ta ce ba sa aiki sai ruwan na da ɗan tsami, kuma awo ake yi, ba a ɗiba da ka.

Hajiya ta tsuke fuska. "Ni hwa na rubuta 'na gargajiya zalla' a jikin kayana. Yanzu in zuba sinadari in ci gaba da hwaɗin haka?"

"A'a, Gwaggo. Takardar za ki canja."

Inna Jumma na tsugune tana juya man shanu a wuta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ashe maganar yarinyar ɗaya da tamu. Mu ma don ruwan shi hita mu ka soya mai. To ku bar karkashin busasshe mana, mai so shi jiƙa abinshi."

Muka dubi juna. Asma'u ta ce ta ji, kuma shawarar Inna ta fi kowace sauƙi.

Daga ƙarshe duka biyun muka yi. Muka daka busasshen karkashi, muka tankaɗe shi lukui, muka ƙulla daidai wankin kai ɗaya. Ba ya buƙatar tata, kuma shi ya ci gaba da amsa sunan na gargajiya zalla. Na kwalba kuma, Asma'u ta aiko da maganin, da ƙaramin sikeli, da takardar gwajin tsami mai canja launi. Ruwa sai an tafasa, kwalba sai an goge ta da sipirit. Na jera haɗin farko a tagar da rana ta fi duka, kullum in buɗe in shinshina. Yauƙin ya ɗan ragu, amma bai yi wari ba, bai yi fumfuna ba. Duk da haka Asma'u ta ce mu sa wa'adi gajere, tunda hanci ba ya jin komai da komai.

Hajiya da kanta ta faɗi abin da za a rubuta: "Akwai maganin hana ruɓa a ciki." Ta ce a ƙara ranar haɗi da ranar daina amfani. Ni kam na ɗauka mata za su guje shi.

Da Tanti Rabi ta dawo, Hajiya ta karanta mata takardar ba ta tsallake komai ba. Tanti ta juya kwalbar a hannu, ta ce, "Yo wannan ai shi ni ka so. In san abin da ni ka zuba ma ɗiyan mutane." Ta ɗauki na kwalba don shagonta, ta ɗauki garin don masu tafiya nesa.

Abin da na koya ke nan. Kafin ku haɗa komai, ku fara tambaya ko akwai ruwa a ciki. Kuma kada ku ji tsoron rubuta gaskiya a jikin kwalba. Matan da ke sayen kayanmu ba maganin suke gudu ba, ɓoye musu suke gudu. Wadda ta kwance kallabi ta miƙa miki kanta, ai ta gama yarda da ke.