Mai Agogo da Kwamfutar Umma

Babanmu ba ya shiga ɗaki ya zauna sai ya fara duba agogon bangon ɗakin. Ko dubiyar marar lafiya ya je, sai ya ɗaga kai ya kalli bango, ya sunkuya ya kalli tsintsiyar hannunsa, sannan ya tambayi jiki. In agogon ya yi daidai, fuskarsa ta sake. In ya yi latti da minti biyu, ba za a ji daɗin hira da shi ba sai an sauko masa da shi ya saita. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai gyaran takalmi da mai yankan makulli. In ka miƙa hannu biyu za ka taɓa bangon shagon dama da hagu, amma a nan ya ciyar da mu, ya sa mu makaranta, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Mai Agogo.

Aikinsa yana da ƙa'ida, kuma mun haddace ta tun muna ƙanana. Yakan shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera ƙusoshi bi da bi yadda ya kwance su, ya rubuta a ɗan littafinsa yadda ya sami abu kafin ya taɓa shi. Babbar dokarsa ita ce kada ka canja abu biyu a lokaci ɗaya, don in ya gyaru ba ka san wanne ya gyara shi ba, in ya ƙara lalacewa ma haka.

Da wayar hannu ta cika gari, mutane suka daina ɗaura agogo. Baba bai fasa buɗe shago ƙarfe takwas daidai ba, sai dai aikin ya koma canja batirin makullin mota da na sikeli. Bai taɓa kuka da hakan ba. Abin da muka lura shi ne ya fara dawowa gida da wuri yana neman abin da zai kwance. Fankar falo ta yi kwana uku a kan farin ƙyalle alhali lafiyarta ƙalau, mu kuwa muna ta fifita da murfin kwali.

Ummanmu malamar firamare ce. Tana da shekara hamsin da ɗaya ta ce za ta koma karatu ta yi digiri, kuma Baba ne ya fara cewa ta koma. Kowace Asabar shi ke ɗaukar ta a babur ya kai ta, ya zauna ƙarƙashin wata bishiya a bakin ƙofar makarantar har ta fito. Shi ya laƙaba mata Ɗaliba, sunan kuma ya bi ta. Da lokacin rubuta kundin bincike ya zo, aka samo mata tsohuwar kwamfuta ta tebur aka ajiye a ƙaramin ɗaki, ita kuma ta kafa dokarta.

"Malam, komai na gidan nan ka kwance, ban da wannan."

Ba taɓawa kaɗai ta hana shi ba, har kallo. In ya leƙo tana aiki, sai ta yi wuf ta yafa mayafinta a kan allon. Yakan yi dariya ya juya, amma ni babbar 'yarsa ce, na san dariyarsa ta gaske. Abin ya yi masa ciwo, ya ɗauka ita ma ta sa shi cikin tsofaffin kayan da zamani ya wuce. Abu ɗaya dai bai iya bari ba. Kullum da yamma sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi ƙarfe nawa kwamfutar ta ce, ya duba hannunsa, ya rubuta. Wajen mako uku yana faɗa mata cewa agogon na'urar nan yana ja da baya, yau minti huɗu, gobe minti goma sha ɗaya. Umma ta ce ita ba agogo ta saya ba.

Ranar Alhamis ɗin da za a miƙa kundin, ƙarfe biyu na rana za a rufe karɓa, kuma an gaya musu wanda ya makara sai baɗi. Ƙarfe takwas da 'yan mintoci Umma ta kira ni a waya, wai kwamfuta ta ƙi tashi. A gidanmu ni ce gwanar kwamfuta, saboda kawai ina aiki a ofis. Gaskiyar magana ilimina bai wuce a kashe a sake kunnawa ba, amma ban taɓa ƙaryata su ba, girman yana min daɗi.

Na iso na tarar da baƙin allo da 'yan layukan farin rubutu na Turanci. Na danna maɓallin da rubutun ya ce a danna. Wani ɗan zobe ya fara juyawa, muka riƙe numfashi, sai allon ya koma shuɗi, na'urar ta mutu ta sake tashi da kanta, ta dawo kan baƙin allon nan. Sau biyar muna wannan zagayen. Na cire waya na mayar, na hura bayanta, har ɗan duka na yi mata a gefe.

Na tambayi Umma ko tana da kwafin aikin a wani wuri. Nan take fuskarta ta haskaka, ta nuna min filashi, ɗan abin nan da ake adana aiki a ciki, a soke a bayan akwatin kwamfutar, ta ce wata takwas ke nan ba ta taɓa cire shi ba. Na zare na soka a kwamfutar ofis da ke jakata. Fayau, ko harafi ɗaya babu. Ashe Umma ta ɗauka in ka soka shi, aikin zai riƙa zuba a ciki da kansa, kamar bokiti a ƙarƙashin famfo. Na so in yi dariya, na kalli fuskarta, dariyar ta koma ciki.

Na ruga bakin titi na ɗauko mai gyaran kwamfuta da ake kira Injiniya. Ya zo ya danna nan ya danna can, ya ce babbar manhajar da ke tayar da na'urar ce ta lalace. Hanya biyu ce: ko ya share komai ya ɗora sabuwa yanzu, aikin ya tafi, ko ya tafi da ita shago ya gwada ciro aikin, wannan kuwa sai jibi, don na'urar da yake yi da ita tana hannun wani. Ya ce mu yi shawara mu kira shi, ya fita. Gaba kura, baya sayaki. Umma ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, shekara biyu na bincike da yawo makarantu goma sha huɗu tana tambayar malamai, duk suna cikin akwatin da ya ƙi magana.

Sai a lokacin na lura da Baba. Yana tsaye a bakin ƙofa da jakar aikinsa a hannu, ƙarfe goma ta wuce, mutumin da bai taɓa makara shago ba. Bai tako cikin ɗakin ba.

"Uwata," ya ce da ni, haka yake kirana, "wannan farin rubutun me yake cewa?"

Na karanta masa. Yana cewa ba a saita rana da lokaci ba. A ƙasa kuma ga kwanan watan da na'urar take gani: ɗaya ga Janairu, sha biyun dare daidai, a wata shekara da ta wuce da fiye da shekara goma.

Wallahi na ga idon Baba ya kawo wuta. Ya ajiye jakar, ya zaro littafinsa, ya buɗe shafin da ya jera lattin mako uku, yana buga shi da yatsa. Ya ce duk abin da ya san lokaci alhali an cire shi daga wuta, to akwai batir a cikinsa. Kuma duk abin da ya fara ja da baya, sannan ya wayi gari a sha biyu daidai, batirinsa ne ya mutu. Ya ce bai san kwamfuta ba, amma wannan ciwon ya yi shekara talatin yana maganinsa. Ya faɗi haka yana kallon Umma, ƙafarsa har yanzu a bakin ƙofa.

Umma ta ɗago kai. "Malam, shigo ka buɗe ta."

Ban taɓa ganin dattijo ya wanke hannu da sauri haka ba. Farin ƙyalle ya hau tebur, aka zare wayar wuta, ƙusoshi huɗu suka jeru. Da murfin ya buɗe ƙura ta taso muka yi ta atishawa, shi ko a jikinsa. Ya maƙala gilashin nan na masu agogo a ido ɗaya, ya sunkuya yana bin faffaɗan allon wayoyin da ke cikin akwatin a hankali, sai muka ji ya ƙyalƙyale da dariya, ta gasken. Ga shi nan kwance a ɗan gurbinsa, batir mai faɗi kamar kwabo, irin wanda yake sa wa makullin mota kullum. Ya ciro shi da hantsaki, ya gwada a mitarsa, allurar ko motsi ba ta yi ba. Ya buɗe gwangwanin batira ya ɗauko sabo ya danna, ya ce ƙas.

Muka kunna. Na shiga shafin saiti, inda ake gyara lokaci, na rubuta rana da wata da shekara. Da na zo kan minti Baba ya riƙe min hannu, wai in jira sai allurar daƙiƙa ta hau sha biyu. Umma ta ce, "Malam, don girman Allah." Ya ce saura daƙiƙa ashirin, Ɗaliba. Haka muka tsaya mu uku muna kallon tsintsiyar hannunsa.

Zoben ya fara juyawa. Ya juya, ya juya, har na fara murmushi. Sai allon ya koma shuɗi, ta mutu. Umma ta dafe kai. Sha biyu saura minti ashirin.

Baba ko gezau. Ya ce wanda ya manta ranar yau ba ita kaɗai ya manta ba, tabbas akwai wasu abubuwan da batirin yake riƙe mata suka zube. Ya ja kujerar Umma ya zauna gaban allon, karo na farko tun da na'urar ta shigo gidan, ya ce in koma shafin saitin in riƙa fassara masa layi bayan layi. Duk layin da ke da zaɓi, sai ya rubuta yadda ya same shi, mu canja shi kaɗai, mu kunna. Na farko bai yi ba, muka mayar da shi yadda yake. Na biyu ma haka. Kowane gwaji yana cin minti shida ko bakwai, Umma tana safa da marwa a bayanmu tana cewa mu canja su duka mana a huta. Ni ma zuciyata tana tare da ita. Baba ya ce sannu ba ta hana zuwa, bai ko waiwayo ba.

Layi na uku yana tambaya ne ko na'urar ta tashi da sabon salo ko da tsoho, kuma yana kan sabo. Baba ya ce wannan baiwar Allah ta kwana biyu a duniya, a mayar mata da abin da ta saba. Na canja, na kunna. Zoben ya juya sau ɗaya, sau biyu, allon ya ɗan yi duhu, sai ga hoton jikokin Umma ya cika shi, da 'yar waƙar nan da take yi in ta tashi.

Umma ta yi wata ƙara ta rungume ni ta baya har kujerata ta kusa kifewa. Ni kuwa ina ta tsalle kamar ba uwar 'ya'ya uku ba. Kafin kowa ya sake numfashi na kwafe kundin a filashi, da hannuna wannan karon, na kuma tura shi wayata. Sannan na buɗe shi don mu tabbatar shafuka ɗari da goma sha biyun suna nan. Shafi na ɗaya, na biyu, na uku.

Na ga Umma ta kai hannu ga mayafinta, sai kuma ta sauke. Baba yana zaune daf da allon. Ba ya jin Turanci, amma ya san sunansa in ya gan shi, kuma ga shi nan a tsakiyar shafin da manyan baƙaƙe, cikakken sunansa na yanka har da na mahaifinsa, wanda rabon da wani ya kira shi da shi an yi shekaru.

"Uwata, wannan layin kuma me yake cewa?"

Tun safe nake fassara masa, amma wannan sai da na karanta shi sau biyu. Na ce, "Yana cewa: Na sadaukar da wannan aiki ga maigidana, wanda ya jira ni ƙarƙashin bishiya kowace Asabar har shekara huɗu, kuma ko sau ɗaya ban fito na same shi yana duba agogo ba."

Umma ta ce a hankali, tana kallon ƙasa, "Shi nake ɓoye maka, Malam. Na so sai an yi masa bango in miƙa maka a hannu."

Baba ya cire gilashin daga idonsa ya daɗe yana goge shi da bakin riga, alhali ba gilashin ne ya jiƙe ba. Ya mayar da ƙusoshin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe farin ƙyallensa. Sannan ya duba hannunsa.

"Ɗaya saura kwata. Tashi, Ɗaliba, akwai buga kundin a takarda a gabanmu."

Ƙarfe biyu saura minti goma sha tara ta miƙa kundin, haka yake rubuce a takardar shaidar karɓa da Baba ya liƙa a littafinsa. Umma ta ce da ta fito ta same shi a ƙarƙashin bishiyar nan, ya juya fuskar agogonsa ta cikin hannu, yadda ashe yake yi duk Asabar.