Tafiyata da Surukata Zuwa Abuja Neman Tallafin Karatu

Daga Madabo zuwa Unguwa Uku

Ana kiran assalatu na tashi, na yi wa ɗana Abba wanka yana ta kuka, na shirya shi, sannan na sake duba takarduna a jaka. Sunana Rukayya, ina aji uku a jami'a a nan Kano, ina karanta Kemistri. A shekarar an ƙara kuɗin makaranta, kasuwar maigidana Nasiru ta kayan waya kuma ta yi sanyi, har mun fara maganar in ajiye karatun na shekara guda. Ni kuwa na ga matan ajinmu da suka ajiye da niyyar dawowa, ban ga wadda ta dawo ba.

Ana cikin haka wani malaminmu ya sanar da mu cewa wata gidauniya tana neman ɗaliban kimiyya 'yan aji biyu da uku, za ta ɗauki nauyin karatunsu har su gama. Ana son sakamako mai kyau, da shaidar shugaban sashe, da takardar ƙaramar hukuma, da rubutu a kan wani aiki da ɗalibi ya yi da hannunsa. Na yi nawa a kan ruwan rijiyoyin Madabo da Mandawari da na ɗebo na auna a ɗakin gwaji. Na zauna jarrabawa ta kwamfuta, bayan 'yan makonni aka kira ni ganawa a Abuja.

Wanda zai riƙe mini Abba shi ne abin da ya tsaya mana, don a lokacin bai cika wata takwas ba, nono yake sha. Mahaifiyata tana fama da gwiwa, Nasiru kuma ba zai iya rufe shago ba. Sai surukata, Inna, ta ce ita za ta raka ni. Na yi mamaki. Shekara biyu muna gida ɗaya, amma tsakanina da ita bai wuce gaisuwa da miƙa kwanon abinci ba. Mace ce mara yawan magana, sana'arta alkaki da nakiya na masu biki, ita ma gwiwa takan ɗan dame ta, kuma ba ta taɓa wuce Zariya ba.

A daren da za mu tafi an yi ruwa, lungunmu duk laka. Bayan sallar asuba Nasiru ya ɗauki jakarmu ya kai mu bakin titi, ya tare mana Adaidaita Sahu. Muka fita ta Ƙofar Nassarawa gari bai gama wayewa ba, muka isa tashar Unguwa Uku muka tarar saura mutum uku motar Kaduna ta cika. Inna ta zauna kusa da taga da ƙaramar robar alkaki a cinyarta, ta ƙi yarda a sa mata ita a but.

Kano zuwa Kaduna

Wajen ƙarfe bakwai muka tashi. Direban dattijo ne, ya ce kowa ya yi addu'ar da ya sani. Muka wuce Kura, gonakin shinkafa sun yi shar, ruwa kwance a ko'ina. Shirinmu shi ne mu isa Kaduna da hantsi, mu shiga jirgin ƙasa na rana daga Rigasa, mu sauka a Kubwa gidan Anti Lami, 'yar ƙanen Inna da ke aure a can.

Mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan tayar baya ta fashe. Motar ta yi tangal-tangal, direba ya riƙe ta da kyar har muka tsaya a gefen wata gonar masara. Ba wanda ya ji ciwo. Da ya ciro safaya sai ya tarar ita ma ba iska, dole ya hau ɗan acaɓa ya koma neman mai faci. Muka zauna a gindin wata ɗorawa fiye da awa biyu. Inna ta buɗe robarta ta raba wa fasinjoji alkaki, ta karɓi Abba ta goya shi tana zagayawa. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, don haka maigida take ce masa, tana yi masa tsiya wai tun yanzu ya fara jawo mata wahalar hanya.

A Tashar Yari muka sayi dafaffiyar gyaɗa da masara. Kafin Zariya da bayan Jaji mun gamu da shingayen jami'an tsaro, a wuri ɗaya aka sauke mu aka duba jakunkuna. Ko da muka isa tashar Kawo a Kaduna an yi azahar, wani ɗan kamasho ya tabbatar mana jirgin ya tafi, na yamma kuma ba lallai mu sami tikiti ba.

Kaduna zuwa Kubwa

Na ji tsoron hanyar mota, don kowa ya san labaran da ake bayarwa a kanta. Na ce wa Inna ko mu kwana a Kaduna mu bi jirgin safe. Ta tambaye ni ƙarfe nawa aka ce in zo gobe, na ce tara. Sai ta ɗauki robarta ta nufi inda ake lodin Abuja, na bi ta a baya.

Daga Kakau har Katari ba mai magana a motar, sai sautin carbi da hucin Abba. Direban matashi ne, yana ta duba rana, ya ce so yake ya wuce dajin da sauran haske. A Tafa ya tsaya muka yi la'asar, muka ci doya da ƙwai a tsaitsaye. Da Dutsen Zuma ya bayyana a gabanmu, kansa a cikin hadari, Inna ta daɗe tana kallonsa har ta juya tana leƙensa ta gilashin baya. A Zuba muka canza mota, muka shiga Kubwa ana sallar magariba, ruwa yana sauka.

Anti Lami ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, ta ba mu ɗakin 'ya'yanta. Jikin Abba ya ɗan yi zafi saboda jijjigar hanya. Inna ta ce in ba shi nono in kwanta, sauran nata ne. Da asuba na tarar zazzaɓin ya sauka, ta kuma goge mini hijabina ta rataye a ƙofa.

Ranar ganawa

Mijin Anti Lami ya sauke mu a kan hanyarsa ta zuwa aiki, a wani gini mai hawa uku a tsakiyar gari. Mai gadi ya ce 'yan rakiya ba sa hawa sama, ya ba Inna benci a rumfar da ke ƙofa. Na bar ta a nan da Abba da flas ɗin kunu.

A zauren jira na tarar da ɗalibai daga jihohi da dama. Kusa da ni wata Blessing ce daga Filato, tana karanta aikin injiniya, wannan ne karo na uku da take neman tallafi. A wajenta na ji abubuwan da ban sani ba: akwai na gwamnatocin jihohi, akwai na kamfanoni, akwai na jami'o'in waje da ke ɗaukar ɗalibi ya yi hutu a ɗakin bincikensu, kuma yawancinsu a farkon zango suke buɗewa su rufe kafin mutum ya farga. Ta ce in ajiye hoton duk takarduna a waya, in kuma guji duk wanda ya ce sai na biya kafin a sa sunana, don an taɓa cutar yayanta ta haka.

Bayan sha ɗaya aka kira ni. Mutum uku ne a teburin, maza biyu da wata farfesa mai furfura, ita ce shugabarsu. Da Turanci aka yi komai. Da farko na ɗan rikice, amma da aka zo kan rijiyoyi sai na sake, don na san kowace rijiya da gidan da take. Suka tambayi dalilin da ya sa ruwan wasu gidaje ya fi gurɓata da damina, na yi bayanin kusancin rijiya da masai a gidajen cikin gari, da yadda na koma na gaya wa matan gidajen su riƙa tafasa na sha. Na ga suna rubutu suna gyaɗa kai.

Sai farfesar ta ajiye alƙalami ta tuna mini cewa tallafin yana da sharaɗi. Duk wanda aka zaɓa zai yi dogon hutu, wata biyu, a wani ɗakin bincike a Ibadan, kuma ta ga a takarduna ina da jariri. Ta ce ba ta tambaya don ta hana ni ba, sai don a bara sun ba wasu gurbi ba su je ba, gurbin ya tafi a banza. Na san da sharaɗin. Mun taɓa maganar da Nasiru ya ce a samu tukuna, muka bar ta a haka. Na ce mata gaskiya ban da amsa a yanzu. Ta ce in je in yi shawara, suna nan har ƙarfe biyu.

Na sauko wajen Inna. Na karɓi Abba na ba shi nono, na kira Nasiru. Da na gaya masa sai ya ce shi ba ya ƙin karatuna, amma bai ga yadda zai bar ni da jariri wata biyu a garin da ba mu da kowa ba, shi kuma in ya bar shago wata biyu to ya bar shi ke nan. Ban ga laifinsa ba. Na ce to, hawaye suna zubo mini a kan yaron.

Inna tana jin komai. Ta miƙo hannu, na ba ta wayar.

"Nasiru, ni ce," in ji ta. "Wa ya ce maka ita kaɗai za ta je? Ni ina ina?"

Ban ji abin da ya ce ba, na dai ji ta ce masu biki su nemi wata ta yi musu alkakin, ba a kanta aka fara ba. Ta miƙo mini wayar, ta zare Abba daga hannuna ko gama sha bai yi ba.

"Share fuskarki, Rukayya. Koma ki ce musu za mu je."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Na ce, "Inna, gwiwarku da nisan nan?"

Ta ce, "Gwiwata ta kawo ni nan. Tashi kada su rufe."

Na hau na gaya wa farfesar. Ta tambayi wa zai riƙe yaron, na ce surukata, tana nan ƙasa. Ta taso ta leƙa ta taga, ta ga Inna a kan benci tana jijjiga Abba, ta koma ta rubuta wani abu. Ta ce za a sanar da mu sakamako, in gaida mata Mama.

Komawa gida

Washegari mijin Anti Lami ya samo mana tikitin jirgin safe daga Kubwa. Inna ba ta taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Da ya fara motsi ta kama hannun kujera da ƙarfi, bayan ɗan lokaci ta sake, har ta ce wannan ya fi mota mutunci, tunda mutum zai iya miƙe ƙafa. A hanya ta yi ta tambayata abin da nake yi a ɗakin gwaji, na yi mata bayani gwargwadon iyawata. Ta ce in mun koma in auna mata rijiyar gidan ƙanwarta a Zaitawa, don jikokinta ba sa rabuwa da ciwon ciki.

Daga Rigasa muka hau Keke zuwa Kawo, muka sami motar Kano ba jira. Wannan karon ba abin da ya same mu sai cunkoso a Kwangila da wani a Na'ibawa. Muka shiga Madabo bayan la'asar, Nasiru yana tsaye a bakin lungu. Ya karɓi jaka, ya gaida mahaifiyarsa, ya dube ni ya ce in yi haƙuri da maganar waya. Na ce ba komai, kuma har zuciyata ba komai ɗin.

Sakamakon bai fito ba sai da damina ta kusa ƙarewa. Ina wanki a tsakar gida saƙon ya shigo, an zaɓe ni. Na tafi ƙofar ɗakin Inna hannuna duk kumfa, na durƙusa na gaya mata. Tana murza alkaki, ba ta ɗago ba. Ta ce Alhamdulillahi, sannan ta ce in tambayar mata ko ana samun gero a kasuwar Ibadan, in babu ta fara tanadi, don ita ba za ta yi wata biyu ba kunu ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa malamina da ya sanar da mu, da Anti Lami da maigidanta, da Blessing, wadda ita ma aka zaɓe ta a wannan karon. Ita kuwa Inna, da na fara yi mata godiya sai ta katse ni, ta ce in je in ƙarasa wankina kafin hadari ya taso.