Ranar da Muka Kai Idon Yarinyarmu Tsallaken Kogi

Da asuba muka tashi daga Romi, ruwan da aka kwana ana yi bai gama ɗaukewa ba. Mu uku ne: ni da yayata da 'yarta mai shekara takwas, wadda dominta aka yi tafiyar. Wata biyu ke nan kafaɗarta ta dama tana bugun gefen ƙofa, malamarsu kuma ta aiko cewa sai ta juya kai gaba ɗaya take ganin ƙarshen allo. Asibitin ido da ke tsallaken kogi muka nufa.

Titin unguwarmu ya zama kunu. Mai keken da ya tsaya mana ya ce kuɗin ya ƙaru saboda taɓo. Yaya ta ce, "Malam, mu muka zubo ruwan?" Ya yi dariya, amma bai rage ba. Sai a Barnawa hanya ta yi kyau. Bishiyoyi sun jiƙe sharkaf, ma'aikata sun jeru a bakin titi kowa da lemarsa. A nan muka sayi ƙosai mai zafi. Yarinyar ta ci nata, ta ci rabin nawa.

A jakar Yaya akwai wata takarda da ta shekara biyu a ƙasan akwati. A wani shagon tabarau aka ba mu ita, lokacin da yarinyar ta fara kukan ciwon kai. Injinsu ya ɗauki hoton bayan idonta, takardar ta fito da ja a wurare da yawa. Mai shagon ya ce, "Kada jan nan ya tsorata ku. Da idon Turawa aka saita injin. Mu baƙar fata jijiyar idonmu ta fi faɗi, ramin da ke tsakiyarta ma haka. Haka yaranmu suke." Ni ce mai boko a gida, ni na duba a waya, na ga lallai ana faɗin haka. Na yi wa kowa bayani har da alfahari. Maganar ta zama abin raha a gidanmu. In ta ture kofi sai a ce, "Ku bar ta, idon da ya gagari injin Bature ne."

A kan gada keke ya rage gudu. Kogin ya cika maƙil, ruwan ja kamar shayi da madara, yana tafiya ba hayaniya. Na nuna mata wani kwalekwale a hannun dama. Ta ce, "Ina, Anti?" Kafin ta juyo da fuskarta mun wuce shi.

A asibitin mun tarar da benci cike. Hausa, Gbagyi, Turancin kasuwa, kowane yare na tashi, kowa riƙe da katinsa. Wani dattijo daga Tudun Wada, idonsa ɗaya a rufe da auduga, ya matsa mana. Ya dubi yarinyar ya ce, "Hajiya ƙarama, me ya kawo ki layin tsofaffi? Ko rakiya kika yo mini?" Ta ce, "A'a Baba, ni ma da katina." Duk bencin ya yi dariya. Ni ce kawai na kasa.

Sai bayan azahar aka kira mu. An ɗiga mata magani, an auna, an sake ɗaukar hoto. Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta ajiye tsohuwar takardarmu kusa da sabuwar, ta daɗe tana kallo. Na gaya mata abin da mai shagon ya ce mana a wancan lokacin.

Ta ce, "Mutumin bai yi muku ƙarya ba. Yaranmu da yawa jijiyarsu ta fi faɗi, kuma lafiyarsu ƙalau. Injin ma da idon manya yake gwadawa, ba na yara ba. Shi ya sa ba ma tsayawa a hoto ɗaya. Yaro da kansa ake gwada shi, hoton bana da na bara. An auna mata ƙarfin ruwan ido a lokacin?"

Yaya ta ce ba a auna ba.

"An ce ku dawo?"

Yaya ta juyo ta dube ni. An ce mana. A bakin ƙofa mai shagon ya ce mu leƙo bayan wata shida in mun samu hali. Ni na ce babu buƙata, tunda mun riga mun san dalili.

Likitar ta ce hawan jinin ido ne. Jijiyar idon dama ta kusa mutuwa duka, kuma abin da ya mutu a jijiya ba ya dawowa. Na hagu ake fatan riƙewa: ɗigon magani safe da yamma, wataƙila har aiki, kuma ko shi likitar ba ta yi mana alkawari ba. Yaya ta tambaya, "Likita, da mun dawo a lokacin fa?" Likitar ta sunkuyar da kai tana rubutu, ta ce, "Maman yarinya, mu kama wanda ya rage."

Da muka fito rana ta buɗe. Maganin da aka ɗiga mata ya sa haske na sukan idonta, sai Yaya ta lulluɓe ta da gyale, yarinyar ta kifa kai a cinyata. Haka muka kama hanyar gida. Mai masara ya biyo mu da gudu a mahaɗar hanya, Yaya ta saya don kawai ya bar mu, muka iso Romi da ita a leda ta huce.

Abin da na koyo a tafiyar nan kaɗan ne, kuma ya zo a makare. Abin da aka sani game da idon yaranmu gaba ɗaya gaskiya ne, amma bai gaya mini komai ba game da idon wannan yarinya ɗaya. Na karɓi maganar ne saboda ta yi mini daɗi, ta fasa mini kai, ta kuma hutar da mu zirga-zirga.

Da yamma ni na ɗiga mata maganin farko. Ta kwanta a tabarma, ta buɗe idon da kyau kamar yadda aka koya mata. Da na gama ta karɓi kwalbar ta girgiza ta kusa da kunne, ta ce, "Anti, 'yar ƙarama ce ma. In ta ƙare shi ke nan na warke ko?"

Na ce ta rufe ido tukuna, kada maganin ya zube.